An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: A Duba Numfashin Inji Kafin A Sauke Shi

 Yau gareji za mu shiga, kuma da ƙorafi muka zo. Akwai wata magana da duk mai tsohuwar mota ya taɓa ji, ko kuma yana kan hanyar ji. Bakanike ya buɗe bonet, ya zaro geji, ya shafa yatsa a gefen inji ya ga baƙin mai, sai ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, injin nan ya gaji, sai an sauke shi." Mu kuma mu ce to, mu koma gida mu fara lissafin abin da za mu sayar. Ƙorafinmu shi ne ana yanke wannan hukunci ba a saurari shaida ba. Shaidar da ya kamata a fara kira kuwa wani ɗan bawul ne da bai fi babban yatsa ba, shi da tiyo biyu na roba. A takardun mota ana rubuta sunansa da haruffa uku, PCV. Mu a nan za mu kira shi bawul ɗin numfashi, domin aikinsa ke nan.

Mu fara da abin da ya same mu, don kada a ce shaci-faɗi muke yi. Bara motar gidanmu, wata tsohuwa 'yar Kwatano, ta fara barin ɗigon baƙin mai a inda take kwana. Muka kai ta gareji, aka ce gasket ɗin murfin saman inji ne, aka canza. Ba a yi wata guda ba mai ya ɓullo ta gaba, aka ce sil ɗin kiranshaf ne, shi ma aka canza. Daga nan sai muka lura geji yana ɗagowa da kansa bayan doguwar tafiya, akwatin iyakilina kuma ya jiƙe da mai. A zuwa na uku ogan garejin ya ja mu gefe ya ce, "Yallaɓai, gaskiya ɗaya ce, ringi ya tafi. Ko dai a sauke a yi aiki, ko ku nemo haf-inji." Har mun fara tambayar farashi a kasuwar kayan gyara.

Wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon bakanike da ciwon baya ya zaunar, shi ya ce a kawo masa motar ƙofar gida. Ya sa aka tayar da ita, ya cire murfin zuba mai, ya ɗora 'yar takarda a bakin. Takardar ta yi sama. Bai ce uffan ba, ya bi wani tiyo da hannu daga murfin inji, sai ga shi an yanke shi, an cusa wa kowane ɓari noti, an ɗaure da waya. Ɗaya tiyon kuma dauɗa ta kusa rufe shi. Ya juyo ya ce, "Yarana, wa ya toshe wa motar nan hanci?" Ba mu da amsa, da alama tun kafin ta zo hannunmu aka yi aika-aikar. Muka sayo bawul da tiyo, kuɗinsu bai kai na cika tanki ba. Da aka ɗaura, Baba ya sake ɗora takardar, ta lafe a bakin. Har yau motar tana kai yara makaranta da injin da aka ce ya mutu. Sau uku muka je gareji, ba wanda ya ɗauki minti biyar ya bi wannan tiyon.

To me ya sa inji yake buƙatar numfashi? A cikin kowace silinda fetur da iska suna fashewa su danna fistan ƙasa. Zoben ƙarfen da ke jikin fistan, wato ringi, shi ke tare wannan matsi, amma ba ya iya tare shi duka, domin da gangan aka bar 'yar tazara a bakin kowane zobe saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi. Saboda haka ko injin da aka fito da shi daga kamfani jiya, wani ɗan kaso na hayaƙi yana sulalewa ta gefen fistan ya faɗa ɗakin ƙasa, inda kiranshaf yake juyawa, baƙin mai kuma yake kwanciya. Wannan hayaƙi yana ɗauke da fetur ɗin da bai ƙone ba, da kunkunniya, da iskar da ke zama asid, da tururin ruwa. Mutane kan yi mamaki idan suka ji cewa ƙona lita 1 ta fetur tana haifar da ruwan da ya kai kusan lita 1, a matsayin tururi. Mafi yawansa ta salansa yake fita, amma abin da ya sulale ƙasa ya isa ya yi ɓarna.

Idan hayaƙin nan bai sami hanyar fita ba, abu biyu ne zai faru. Na farko matsi zai taru, ya nemi wurin da ya fi rauni. Yau gasket, gobe sil, jibi ya tunkuɗo geji. In ka canza guda, sai ya koma kan na kusa da shi, kamar yadda ya yi mana. Na biyu, ruwa da asid da kunkunniya za su haɗu da baƙin mai su zama dagwalo mai kauri kamar kwalta, ya toshe ƙananan hanyoyin da mai ke bi zuwa sassan inji. Wannan na biyun shi ne yake kashe inji da gaske, kuma ba ya ɗiga a ƙasa balle a gan shi.

Maganin da masu ƙera mota suka yi mai sauƙi ne. Ɗauki Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, mai injin lita 1.8 da ake kira 1ZZ-FE, wadda da wuya ka tsaya a danja a Kano ko Kaduna ba ka ga irinta ba. A jikin murfin saman injinta tiyo biyu ne suke fita. Ɗaya ya taso daga babban bututun iska, bayan iyakilina, yana kawo iska mai tsabta cikin inji. Ɗayan yana farawa ne daga bawul ɗin numfashi, wanda aka ɗaure shi a jikin murfin, ya tafi manifol ɗin shan iska. Manifol yana da zuƙa, shi ke jan ƙazamin hayaƙin ya mayar da shi silinda a sake ƙona shi. A ƙarƙashin murfin kuma akwai wasu faranti da ke tare ɗigon mai don kada ya bi hayaƙin. Iska mai kyau tana shiga ta nan, gurɓatacciya tana fita ta can, kamar ɗaki mai taga biyu.

Cikin bawul ɗin ba komai sai wani ɗan toshe da sifirin, amma a aune suke. Idan mota tana silo, zuƙar manifol tana da ƙarfi, hayaƙin kuma kaɗan ne, sai zuƙar ta ja toshen ya rage hanya. Idan aka taka totur, zuƙa ta ragu, hayaƙi ya ƙaru, sai sifirin ya tura toshen hanya ta buɗe. Idan kuma wuta ta yi baya cikin manifol, toshen yana rufewa ruf don kada ta shiga ɗakin da ke cike da tururin fetur. Wannan shi ne abin da wani yake yankewa ya maye gurbinsa da noti da waya.

Ba haka motoci suke tun asali ba. A da wani bututu ne kawai yake saukowa daga inji ya leƙa ƙasa, iskar gudu tana jan hayaƙin waje. A shekarun 1940 birnin Los Anjalis na Amurka ya fara fama da wani hazo mai sa ido ruwa, ba a san daga ina yake ba. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai ɗan asalin Holan, Arie Haagen-Smit, da ke koyarwa a Caltech, ya nuna cewa tururin fetur da hayaƙin ƙonewa ne suke haɗuwa da hasken rana su haifar da shi. Da aka bi sawu, sai aka ga wannan bututu mai leƙa ƙasa yana da kaso mai tsoka a laifin. Daga motocin 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya suka fara zuwa da bawul ɗin numfashi, cikin 'yan shekaru kuma ya game sauran Amurka. Shi ne na farko a cikin na'urorin rage gurɓata iska da aka sa wa mota.

A nan wani zai ce, ai ga ta nan, kayan Bature ne na kare muhalli, ba ruwansa da lafiyar inji. Wannan magana ita ce uwar duk ɓarnar da ake yi a garejinmu, kuma kuskure ce. Gaskiya ne don iska aka wajabta shi, amma injin da kansa ya ci riba, domin tsohon bututun sai mota tana gudu yake aiki. Motar da ke rarrafe cikin gari ko take tsaye tana silo, ba abin da ke share mata ɗakin ƙasa. Bawul ɗin numfashi kuwa yana aiki ko mota tana tsaye. Sannan ko da don iska kaɗai aka yi shi, wa yake shaƙar hayaƙin a cunkoson sha-tale-tale? Mai tallan ruwan leda ne, da ɗan sandan hanya, da yaranmu da ke kujerar baya.

Bari mu jero laifuffukan da muke gani, ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne toshewa. Yadda abin yake faruwa shi ne, tiyo ya tsufa ya tsage, ko bawul ya maƙale a buɗe, iskar da kwamfutar mota ba ta auna ba tana shiga manifol, sai mota ta fara rawa a silo ko tana mutuwa a danja. Bakanike ya matse tiyon da filaya, ya ji inji ya daidaita, sai ya ce ya gano. Kuma lallai ya gano ciwon, amma maimakon ya canza abin da ya lalace, sai ya toshe hanyar baki ɗaya. Mai mota ya tafi yana murna an yi masa aiki da araha. Bayan wasu watanni ya dawo da yoyon mai, kuma ba wanda zai haɗa na yau da na wancan karon. Garin neman gira an rasa ido.

Na biyu shi ne sakin tiyo ya yi lilo a gefen inji, wai don inji ya sha iska. Masu yin haka sukan kafa hujja da tsofaffin manyan motocin dizal da ake gani suna fitar da hayaƙi ta wani bututu a ƙasa. Waɗancan haka aka ƙera su, kuma injin dizal irin nasu ba shi da zuƙar manifol irin ta injin fetur. A ƙaramar motar fetur, buɗaɗɗen tiyo ƙofa ce da aka bar wa ƙura. Mu da muke shafe watanni cikin hunturu, ƙura tana shiga har cikin kwanon abinci a rufe, mun san abin da hakan yake nufi. Ƙurar da ta shiga baƙin mai tana goge ƙarfe kamar sanfefa. Ringin da aka yi wa ƙarya jiya, ita za ta cinye shi da gaske gobe.

Na uku laifinmu ne mu da kanikawa tare, wato maganin yoyo da mai mai kauri. Mota tana shan mai, sai a ce a zuba mata 20W-50, a ƙara da gwangwanin nan mai kama da zuma. Injin Corolla ɗin da muka ambata, 5W-30 aka rubuta a murfin zuba man waɗanda aka shigo da su daga Amurka. Mai mai kauri yana iya rage ɗigo na 'yan kwanaki, amma bai rage matsin da ke tunkuɗo shi ba ko kaɗan, kuma yana jinkirin isa saman inji idan an tayar da mota da safe. Idan aka haɗa da man da ake aunawa a galan a bakin titi, wanda ba wanda ya san asalinsa, da jinkirta juye har sai mai ya zama kamar kunu, to bawul ɗin numfashi ne zai fara toshewa, domin hanyarsa ce mafi ƙanƙanta.

Ba ma so mu tsaya a zargi. Ga yadda ake binciken, kuma mafi yawansa mai mota zai iya tsayawa ya ga an yi a gabansa. Da farko a saurari alamu. Idan numfashi ya toshe, za a ga yoyon mai a wurare fiye da ɗaya, geji yana ɗagowa, mai a bututun iska ko akwatin iyakilina, da dagwalo a ƙarƙashin murfin zuba mai. Idan kuma a buɗe ya maƙale ko tiyo ya fashe, za a ga silo yana rawa ko ya yi sama, a ji fito ko huci daga inji, mai yana raguwa ba ɗigo a ƙasa, wani lokaci da shuɗin hayaƙi a salansa. Fitilar cek-injin kan kama, idan aka sa kwamfuta kuma ta kan nuna P0171, wato iska ta yi yawa a kan fetur, ko P0507, wato silo ya haura yadda ya kamata. Sau da yawa da ganin P0171 sai a ce nozul ne ko famfon mai, a saya a ɗaura, fitila ta sake kamawa.

Bayan alamu sai ido da hannu, inji a kashe kuma a huce. A bi tiyo biyun daga farko har ƙarshe, a lanƙwasa su a duba ƙasansu, domin a nan suke tsagewa. Zafin ƙasarmu yana busar da roba ta zama kamar ƙirare, mai kuma yana sa wata ta yi laushi har zuƙa ta manne ta. Sannan a kwance bawul ɗin a girgiza shi a kunne. Idan shiru, ya maƙale, ba sai an yi musu ba. Idan ya yi ƙara kuma, kada a yi saurin wanke shi daga zargi, domin sifirin da ya mutu ma yana barin toshe ya yi ƙara. Girgizawa tana kama mai laifi, amma ba ta isa shaidar lafiya ba.

Sai gwajin da ake yi inji yana silo bayan ya yi zafi. A nan a kiyaye, a naɗe hannun riga, mai babbar riga ya cire ta, domin fanka da bel ba su san Alhaji ba, kuma kada a yi a rufaffen wuri. A bar bawul a jikin tiyonsa, a sa yatsa a ɗaya bakin. Ya kamata a ji zuƙa mai ƙarfi, a kuma ji ɗan ƙas na toshe yana motsi. Idan babu zuƙa, ko bawul ne, ko tiyo, ko bakin manifol ɗin ya toshe. A mayar da shi, a yi gwajin takarda irin na Baba a bakin zuba mai. Injin silinda huɗu yana ɗan bugawa ko da lafiyarsa ƙalau, don haka takardar za ta iya kaɗawa, amma ya kamata ta fi karkata ga lafewa. Wanda yake son awo na gaske zai iya lanƙwasa siririn farin tiyo, ya zuba ruwa a gindinsa, ya haɗa baki ɗaya da ramin geji. Lafiyayyen inji zai ja ruwan wajensa da 'yan santimita kaɗan. Idan ya tura ruwan waje, akwai matsi. Wannan na'ura ba ta fi ƙarfin kowane gareji ba.

A lura, ba kowace mota ce ke da bawul mai ƙara ba. Motocin Turai da yawa, irin su wasu injinan Volkswagen, Audi da BMW, tantanin roba suke amfani da shi a cikin wani akwatin raba mai da hayaƙi, wani lokaci a haɗe da murfin inji. Idan tantanin ya yage, zuƙa tana yin yawa, a ji fito mai ƙarfi, murfin zuba mai ya ƙi ɗagowa sai da kokawa idan inji yana aiki. Irin wannan zuƙar ma tana lalata sil. Wanda ya je neman abin girgizawa a irin waɗannan motoci zai dawo ya ce ba su da shi, alhali yana nan da wata siffa.

Gyaran kansa ba shi da wuya. A sa bawul ɗin da aka yi don wannan injin, domin kowanne da awon sifirinsa, kuma kamanni a ido ba ya nufin ɗaya suke. Ko a Ƙofar Ruwa za a saya, ko Panteka, ko Ladipo, a tafi da lambar kayan ko da tsohon a hannu, kuma a guji wanda arharsa ta yi yawa. Bawul ɗan Beljiyam ba riba ba ce, domin tsohon wani ne da ya riga ya sha dagwalo. Wankewa da fetur tana iya fitar da mutum daga daji, amma ba ta mayar da sifirin sabo. A canza tiyon da ya bushe da wanda ke jure mai, ba tiyon ruwa ba. Inda bawul ke zama cikin zoben roba, a canza zoben. Inda ake ɗaure shi kamar na Corolla, kada a matse da ƙarfin tsiya. A share bakin manifol da ƙofar totur, a sa sabon iyakilina idan mai ya jiƙa tsohon, sannan a yi juye da mai da filta masu kyau. Motar da kullum zirga-zirgarta daga gida zuwa kasuwa ce, a riƙa ba ta doguwar tafiya lokaci-lokaci, don mai ya yi zafin da zai kori ruwan da ya tara.

Yanzu mu ba abokan musu haƙƙinsu. Akwai injin da ya gaji da gaske. Idan ringi ya cinye, hayaƙin da ke sulalewa yana fin ƙarfin bawul ko da sabo ne, takarda kuma za ta ci gaba da tashi. Akwai kuma injinan da aka san su da shan mai ta wajen fistan, kamar irin wannan 1ZZ-FE na farko-farko da ke cikin Corolla ta 1998 zuwa 2002. Shuɗin hayaƙin da ke fita da safe kawai ya ɗauke, ya fi nuna robobin bawulolin saman inji. Farin kumfa a murfin mai tare da raguwar ruwan lagireto yana iya zama gasket ɗin tof-silinda. Ba mu ce bawul ɗin numfashi ne maganin kowace cuta ba. Abin da muke cewa shi ne a bi tsari, a fara da mai sauƙi da araha kafin mai wuya da tsada. Idan numfashi ya tabbata lafiya, sai a cire fulogi a auna matsin kowace silinda da geji. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancinsu ya wuce kusan kashi 10 cikin 100. Idan wata ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan mai a sake aunawa, in ta haura sosai, to ringi ne. A lokacin ne maganar sauke inji ta zama hukunci mai hujja.

Ba kuma muna cewa kanikawa macuta ba ne. Mafi yawansu abin da suka gani a wurin ogansu suke yi, shi ma ogan haka ya gani, a zamanin kafireto. Motoci sun canza, koyon bai canza ba. Amma akwai gaskiyar da ba za mu ɓoye ba: sauke inji aikin kwanaki ne mai kuɗi, canza bawul kuwa aikin minti ashirin ne da ba a san nawa za a caja ba. Muddin ba ma biyan bakanike ladan bincike, sai ladan kwancewa da ɗaurawa, to mu muka koya masa ya fi son kwancewa. Mu ne muke zuwa da gaggawa mu ce, "Oga, ka yi mata dabara kawai, tafiya zan yi." Noti da waya su ne dabarar. Mu ne kuma muke jin haushi idan an ce aikin ƙarami ne amma a biya kuɗin gano shi, alhali da an ce babba ne da mun biya ninki goma ba gardama. Wanda ya gano ciwo cikin minti biyar ya fi cancantar lada a kan wanda ya kwana uku yana lalube.

Saboda haka ga abin da muke nema. Daga kanikawa, duk motar da ta zo da yoyon mai, shan mai ko rawar silo, a bi tiyo biyun nan kafin a taɓa sifana, kuma a daina toshe su. Daga masu mota, a buɗe bonet a san inda bawul ɗin yake, a sa a duba shi lokacin juye, kuma duk mai sayen 'yar Kwatano ko ta hannu ya leƙa ya ga ko an yi mata aikin noti da waya. Ranar da aka ce maka injinka ya gaji, kada ka yi faɗa, kada kuma ka ce to. Ka yi tambaya biyu cikin ladabi: "Oga, an duba numfashinsa? Nawa geji ya nuna a kowace silinda?" Bakaniken kirki zai ji daɗin tambayar, ya ɗauko geji. Wanda ya fusata kuwa, ya riga ya ba ka amsa, sai ka ja motarka ka gwada wani garejin.

Mun san a cikinmu akwai masu motoci, akwai direbobi, akwai waɗanda suka taso a gareji. Wanda yake da ja a kan abin da muka faɗa, fili a buɗe yake, ya zo da hujjarsa mu ƙaru. Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.